Dokumantari zai iya riƙe gida? Amsa ga mai ɗaukar bidiyon biki

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina ɗaukar bidiyon biki da suna da walima a Zariya, amma zuciyata tana kan dokumantari, wato fim ɗin gaskiya wanda babu 'yan wasa a cikinsa. So nake in tsaya da ƙafata, ba a ƙarƙashin wani gidan talabijin ba. Na ɗan tara kuɗi, ina tunanin in sayi babbar kyamara in bar harkar biki gaba ɗaya. Sana'ar za ta riƙe gida kuwa? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka bar bikin, kuma kada ka sayi kyamarar tukuna.

Yawancin masu dokumantari da na sani aljihu biyu gare su. Ɗaya na aikin haya ne: biki, taron ƙungiya, talla, ɗaukar hoto ga gidajen labarai. Ɗayan na fim ɗin kansu ne, wanda shi cin kuɗi yake yi shekara da shekaru kafin ya dawo da ko sisi. Masu hangen sana'ar daga nesa ganin kitse suke wa rogo, don hoton karɓar kambu kawai suke gani. Aïcha Macky, 'yar Damagaram, tana cikin waɗanda suka fi yin fice a wannan fage a ƙasar Hausa. Fim ɗinta kan matan da ba su samu haihuwa ba ya fito a 2016, wanda ta yi kan matasan unguwar Kara-Kara kuma, mai suna Zinder, sai 2021. Shekara biyar tsakani. Ka tambayi kanka me za a ci a gidanka a irin wannan tsakanin.

Bikin ma makaranta ce, ko ba ka lura ba. Wanda ya iya tsayawa inda ya dace kafin a fito da amarya, ya san ba za a maimaita masa kukan uwarta ba, ya riga ya koyi rabin aikin.

Jarin mai dokumantari shi ne ƙofar da ake buɗe masa a hana wani. Sani Magori mutumin Galmi ne, garin albasa a Nijar, kuma ilimin aikin gona ya fara karantawa. Fim ɗin da ya fito da sunansa a 2008 a kan albasar garinsu ne, da yadda ranar auren wata yarinya ta rataya a kan abin da gonar mahaifinta za ta bayar. Baƙo zai iya zuwa da kayan miliyoyi ya ɗauki buhunan albasa a bakin titi, amma ba za a bar shi ya zauna a zaure ana lissafin kayan ɗaki ba. Kai a Zariya kake. Akwai magina da suka gāji ginin ƙasa, akwai masu ɗinkin babbar riga da hannu, akwai makarantun zaure. Cikinsu wa zai bar ka ka riƙa zuwa har wata shida, har ya manta akwai kyamara a ɗakin? Daga nan za ka fara. Kuma mutum ɗaya za ka bi, wanda akwai abin da yake nema ko yake tsoron rasawa. “Tarihin ɗinki a Zazzau” lacca ce. Tsohon maɗinki da idonsa ya fara rauni, ɗansa kuma ya ƙi zama a kan tabarma ya koma acaɓa, wannan shi ne fim.

In dole sai ka kashe kuɗin, kashe su a kan sauti da wurin ajiya. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya minti biyu da muryar da ba ya ji. Na taɓa yin hira ta awa biyu da wata dattijuwa mai saƙa, ta buɗe cikinta ta faɗi abin da ko 'ya'yanta ba su sani ba. Da na koma na sa abin ji a kunne, injin markaɗen maƙwabta ne ya cinye komai. Na koma bayan mako guda, ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta amsa duk abin da na tambaya, amma waccan maganar ba ta sake fitowa ba. Ka sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga da na'urar naɗar sauti, kuma kada ka cire abin ji daga kunnenka muddin ana ɗauka. Duk abin da ka ɗauka ka kwafe shi wuri biyu a daren nan, ɗaya ya kwana a wani gidan.

Sai maganar kuɗi. Ƙungiyoyin agaji su ne suka fi biya a kan kari, kuma babu laifi a yi musu aiki. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: labarin da suke so shi za ka bayar, kuma sau da yawa kwantiragin zai ce duk hoton da ka ɗauka nasu ne. Wata ƙungiya ta taɓa hana ni amfani da hotunan da na yi kwana goma ina ɗauka, saboda layi ɗaya da ban karanta ba kafin in sa hannu. Ka karanta sashen haƙƙin mallaka kafin ka duba adadin kuɗin.

Fim ɗin kanka kuwa akwai asusun tallafi da aka kafa don irinsa. Akwai IDFA Bertha Fund a Amsterdam, da Hot Docs-Blue Ice a Toronto wanda na masu fim ɗin Afirka ne. Akwai kuma wuraren da ake haɗa mai labari da furodusoshi, irin su Durban FilmMart a Afirka ta Kudu da Ouaga Film Lab a Wagadugu. Abin da suke nema kusan iri ɗaya ne: bayanin fim a rubuce da Turanci ko Faransanci, kasafin kuɗi, da ɗanɗano na 'yan mintuna da zai nuna lallai ka samu shiga wurin mutanen. Masu nema suna da yawa, a ƙi ka sau uku ba abin kunya ba ne. A nan ne za ka gane rabin sana'ar rubutu ne, abin da masu kyamara da yawa ba sa so su ji. Ka yi wa kamfaninka rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya.

YouTube yana da amfani wajen sa a san ka. Kafin ka fara samun kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, kuma abin da talla ke kawowa daga masu kallo na yankinmu ba shi da kauri. Wani abin lura: manyan bukukuwan fim da dama ba sa karɓar fim ɗin da aka riga aka saki a intanet. Saboda haka gajerun ayyuka ka zuba a can, babban ka riƙe shi har ya zaga. Cikin bukukuwan da ke kusa da kai akwai iREP a Legas, wanda na dokumantari ne zalla tun 2010, da FESPACO a Wagadugu duk bayan shekara biyu.

Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne amana. Ɗan wasan Kannywood in an gama ya cire kayan ya tafi gida. Naka mutumin da fuskarsa da sunansa zai ci gaba da zama a unguwar bayan fim ya fita. Ka fara da gaida mai unguwa. Ka faɗa wa wanda za ka ɗauka, da Hausa, inda fim ɗin zai iya zuwa, har da cewa yana iya faɗowa wayar surukinsa. Wanda ba ya karatu, ka naɗi amincewarsa a bidiyo maimakon dangwala yatsa a takardar da bai san me ta ƙunsa ba. Ni dai ba na sakin fim sai na kai kwamfuta gidan mutumin mun kalla tare. Wasu abokan sana'a suna ganin wannan ba da kai ne, wai zai sa a yanke abin da ya fi armashi. Wani lokaci hakan na faruwa, amma har yau ban yi nadama ba.

Daga nan zuwa wata uku, ka yi fim na minti goma da kyamarar bikin nan taka, a kan mutum ɗaya. Ka tace shi da kanka, ka sa fassarar Turanci a ƙasa, ka nuna wa mutum biyar da ba sa jin kunyarka, kana lura da daidai minti nawa ne suka fara duba wayoyinsu.