Mako takwas a Aspen: ina za mu zauna, me za mu saya?

*Assalamu alaikum Anti. Muna zaune a Bronx, birnin New York. Ɗiyata mai shekara 15 tana kaɗa gogen Turawa, kuma an ɗauke ta a makarantar kiɗa ta bazara da ke Aspen, jihar Kolorado. Tunda yarinya ce, ni zan je in zauna da ita, ga ƙannenta biyu. Kuɗin haya a garin ya ɗaga mini hankali. Maigida ya ce mu daure mu kama ɗaki kusa da makarantar, ni kuma na ga masu sauƙi a Glenwood Springs. Wanne za mu bi? Maman 'yan uku.*

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya su. Makarantar nan tana nan tun 1949, kuma galibin ɗalibanta 'yan jami'a ne, don haka gurbin da yarinyarki ta samu ba na banza ba ne.

Ni dai ba na bayan maigida, ba na kuma bayanki. Aspen garin attajirai ne, abin da za ki biya na ɗaki ɗaya a tsakiyarsa zai iya kama miki gida sukutum a ƙasan kwarin. Glenwood Springs kuwa kusan kilomita 65 ne daga Aspen. Yarinyar da za ta yi atisaye da safe, ta ga malami da rana, ta hau dandamali da dare, in kika ƙara mata doguwar tafiya sau biyu a yini, kafin mako na uku ta galabaita. Rangwamen da kika samu a haya, a jikinta za a cire shi.

Ki nemi tsakiya. Basalt bai wuce kilomita 30 ba. Snowmass Village ya fi shi kusa, kuma bas tsakaninsa da Aspen kyauta ne, haka ma na cikin gari. An gina Snowmass ne domin masu wasan ƙanƙara na hunturu, saboda haka gidajen haya masu kicin sun yi yawa a can. Kafin ki biya ko sisi, ki tambayi mai gidan minti nawa ne a ƙafa zuwa tashar bas ɗin RFTA, hukumar sufurin yankin, ki kuma duba lokacin bas na ƙarshe da dare. Ki tambaye shi ma ko maƙwabta za su jure kukan goge na awa uku kullum. Ba kowa ke iyawa ba.

Kicin ɗin ba ado ba ne, shi ne zai tsare aljihunku. Sai dai ki sani, Aspen yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,400, ruwa kuma yana tafasa a can tun a digiri 92. Za ki ga tukunya na zaɓaɓɓaka, ki buɗe bayan awa guda ki tarar da wake tauri kamar tsakuwa. Ki sayi tukunya mai matse tururi, ita ce sayayyar da ba za ki yi da-na-sani ba. Kuka, daddawa da yaji ki taho da su daga Bronx. Naman halal ki saya a Denver, babban birnin jihar, ranar da kuka sauka, ki zuba shi a kula mai ƙanƙara, domin tafiyar awa huɗu ce tsakaninku, manyan masallatai ma can suke. Kada ki bar shara ko abinci a baranda: beyar na shigowa gari da dare, har ƙofar da ba a kulle ba tana buɗewa.

Ku isa kwana biyu ko uku kafin a fara. Iskar can ba ta da kauri, sabon zuwa kan yi haki da ciwon kai, sai a sha ruwa sosai a huta. Ki ɗauki rigunan sanyi ko da Yuli ne, dare kan yi sanyi, hadari kuma kan taso da la'asar. Ƙannen nata ba sai kin saya musu tikiti ba. Babban tantin da ake wasan kiɗan a ciki yana ɗaukar mutum 2,050, amma zama a kan ciyawar da ke wajensa kyauta ne, ki shimfiɗa darduma kawai. In ƙaramin ya fara rigima ki ja shi gefe, ba wanda zai harare ki.

*Anti, ɗana ma zai je irin wannan makaranta a kan duwatsu. Ina so in saya masa sabon goge mai tsada don kada ya ji kunya cikin 'yan'uwansa. Baban yaro, Houston.*

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Hannun yaro kan ɗauki makonni kafin ya saba da sabon goge, kuma ba a gaban sabon malami ya kamata ya yi wannan lalube ba. Ga busasshiyar iskar tudu: itacen da ya saba da laimar Houston kan tsuke, tsarkiya ta saki, wani lokaci har jikin ya tsage. Ka saya masa akwati mai ƙarfi, ɗan abin riƙe laima da ake sakawa ciki, da tsarkiya saiti guda na ko-ta-kwana, a kuma sabunta izgar bakan kafin tafiya. A jirgi ya shiga da gogen a hannunsa, kada a haɗa shi da manyan kaya. In ya gama, malaminsa na can ya san hannunsa, shi zai faɗa maka irin wanda ya dace, kuma shaguna da yawa kan ba da goge a gwada na 'yan kwanaki kafin a biya.

*Anti, mu yi hayar mota na wata biyun duka a Aspen? Maman 'yan uku.*

A'a. Makon farko ya isa, don kwaso kaya da sayayya, sannan bas ya ɗauki sauran. Daga Denver ku bi babbar hanya ta I-70 zuwa Glenwood Springs, daga can ku wuce Aspen. Hanyar da ta ratsa ta kan duwatsu, wato Independence Pass, ta fi gajarta, amma tana hawa har mita 3,687, ga ƙunci ga kwana-kwana, ba ta wanda ya sauko daga jirgi a gajiye da yara a baya ba ce.