Amsa ga mai koyon Sulobak: ak, keby da by

Ɗan'uwa, ka ce kana koyon yaren Sulobak, yaren ƙasar Slovakia, da kanka ta intanet, ka zo kan jimlolin sharaɗi ka tsaya cik, domin ak da keby da by sun cakuɗe maka, kuma kana tambaya ko akwai wani sabon jadawalin aikatau da sai ka haddace. Babu. Yawanci matsalar tana darasin da ya gabata ne, wato na shuɗaɗɗen lokaci, saboda duk ginin a kansa yake zaune.

Sulobak na da sigar aikatau mai ƙarewa da -l. Ka cire -ť na ƙarshen kalma ka sa -l: mať ya zama mal ga namiji, mala ga mace, mali ga jama'a. "Mal som" na nufin na samu ko ina da shi a da. Ka cusa by a tsakiya, ka samu sharaɗi: mal by som, mal by si, mal by, mali by sme, mali by ste, mali by. Shi ke nan. By ba ya canzawa ko kaɗan, kuma ana furta shi "bi". Lura cewa idan ana magana a kan shi, ita ko su, ba a ƙara komai bayan by. Kaɗan ne daga aikatau na yau da kullum suke karkacewa, su ne za ka riƙe da ka: ísť (išiel, išla), prísť (prišiel, prišla), môcť (mohol, mohla), jesť (jedol, jedla), chcieť (chcel), vedieť (vedel), byť (bol, bola, boli). 'Yan'uwa mata su kula, a Hausa "na zo" ɗaya ne ga kowa, amma a can mace za ta ce prišla by som, ba prišiel ba.

Bahaushe yana da sauƙi a nan, domin rabon da suke yi mu ma muna yinsa. Abin da zai iya faruwa, wanda muke cewa "idan", shi ne ak: Ak bude pršať, zostanem doma, idan aka yi ruwa zan zauna a gida. Abin da bai tabbata ba, wanda muke cewa "da… da", shi ne keby: Keby som mal peniaze, kúpil by som auto, da ina da kuɗi da na sayi mota.

Sai dai a wuri biyu Hausar za ta ja ka zuwa kuskure. Na farko, mu muna cewa "idan ka samu lokaci gobe", da siga irin ta abin da ya wuce. Su lokaci mai zuwa suke sawa: Ak budeš mať zajtra čas, zavolaj mi. Kuma aikatau irin su prísť (zuwa) da kúpiť (saye), masu nuna aiki kammalalle, ba sa ɗaukar budem ko budeš, wato "zan" ko "za ka", sigarsu ta yanzu ita ce ta gobe. Ak prídeš daidai ne, "ak budeš prísť" ba yare ba ne. Na biyu, "da" ɗinmu na biyu a farkon gaɓa yake zama, shi kuwa by ba ya taɓa buɗe gaɓa. Dole wata kalma ta riga shi: kúpil by som, ko ja by som kúpil, ko tak by som kúpil.

Wannan maganar matsayi na biyu ita ce ta fi cancantar lokacinka. Ƙananan kalmomin nan layi suke bi, kuma layin ba ya sauyawa: by, sai som ko si ko sme ko ste, sai sa ko si mai komawa kan mai aikin (kaina, kanka), sai wanda aka yi wa (mi, ti, mu), sai abin da aka yi (ma, ťa, ho, to). Dubi Kúpil by som si to, da na saya wa kaina shi. Dubi Dal by som ti ho, da na ba ka shi. Wata rana za ka ci karo da Keby si si to kúpil, ka zaci kuskuren bugu ne. Daidai yake: si na farko "kai" ne, na biyu "wa kanka". Shi keby kuwa by yana cikinsa tun asali, don haka "keby by som" maimaici ne. Haka aby, na manufa: Učím sa, aby som rozumel, ina koyo don in fahimta. Korewa tana manne da aikatau, nekúpil by som, kuma waƙafi tsakanin gaɓoɓin biyu wajibi ne a rubutu.

Ka yi hattara da darussan yaren Cek. Sun fi yawa a intanet, Duolingo, manhajar koyon harsuna, ma na Cek gare shi, babu na Sulobak, shi ya sa masu koyo da yawa suke kwaso bych da bychom da kdybych. Ɗan Bratislava, babban birnin Slovakia, zai fahimce ka, amma a jarrabawa kuskure ne, nasu by som, by sme, keby som. Akwai kuma bambancin girmamawa. Idan kana yi wa mutum ɗaya "ku", aikatau ma jam'i yake zama: Mohli by ste mi pomôcť? (ko za ku iya taimaka mini?) ko da mace ɗaya ce a gabanka a ofis. A Cek tilo ake bari.

A ganina kada ka fara da dogayen jimlolin keby. Fara da roƙo na ladabi, domin shi za ka bukata kullum: Chcel by som lístok do Košíc (ina son tikitin zuwa garin Košice) a tashar jirgin ƙasa, Dal by som si kávu (ina son kofi) a gidan abinci, Rád by som sa opýtal (ina so in yi tambaya) idan za ka yi tambaya. Mako guda kana faɗinsu da baki, minti 15 a rana, har by som ya zame maka kamar kalma ɗaya. Mako na biyu ka ɗauki aikatau 20, ka rubuta kowanne a shuɗaɗɗen lokaci sannan ka mayar da shi sharaɗi. Sai a na uku ka riƙa ɗaukar jimla ɗaya kana juya ta sau biyu, da ak da keby. Shafin slovake.eu kyauta ne, haka kwas ɗin e-slovak na cibiyar Studia Academica Slovaca ta Jami'ar Comenius, wanda ke da matakan farko na koyo, A1 da A2. Idan kana shakkar sigar -l ta wani aikatau, ƙamus na intanet na Cibiyar Nazarin Harshe ta Ľudovít Štúr zai nuna maka ita.

Akwai siga ta abin da ya riga ya wuce, Keby som to bol vedel, bol by som prišiel, da na sani da na zo. Ka iya gane ta idan ka gani a rubuce, amma kada ta tsayar da kai yanzu. A hira ta yau da kullum mutane sukan ce Keby som to vedel, prišiel by som, sai kalma irin včera, wato jiya, ta nuna lokacin.