Tambayoyin Masu Karatu: Zanen Jita a Kwamfuta

Tambaya: Ni kafinta ne, na kuma jima ina yi wa makaɗa gyaran jita da gurmi. Yanzu ina son in fara ƙera jita da kaina, sai aka ce mini in koyi zanen awo a kwamfuta. Ta ina zan fara, kuma dole ne sai na sayi manhaja mai tsada? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, ba dole ba ne. AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fitar a 1982, ita ce ta fi suna, amma ta kuɗi ce, alhali LibreCAD da FreeCAD kyauta ake samunsu. Shawarata ita ce ka fara da LibreCAD, domin zanen shimfiɗe take yi, mai tsawo da faɗi kawai, wanda shi ne abin da maƙerin jita ya fi bukata da farko. Zane mai nuna kauri da zurfi zai iya jira har ranar da za ka kai aikinka wurin injin yanka mai aiki da kwamfuta.

Kada ka fara da siffar gangar jikin jitar, duk da cewa ita ce take jan ido. Ka ja layin tsakiya tukuna, sannan ka tsayar da tsawon tsirkiya daga bakin wuya zuwa jakin da take hawa, saboda sauran awon duka a kansa suke rataye. A jitar gargajiya ta Sifen wannan tsawo yawanci milimita 650 ne. Domin gano mazaunin ƙarafan da ake gittawa a wuya, sai ka raba 650 da 17.817, wanda zai ba ka kimanin milimita 36.5, wato wurin ƙarfe na farko. Abin da ya rage, kimanin 613.5, shi ma ka raba shi da 17.817 ka sami tazarar na biyu, haka har ƙarshe. Idan lissafinka ya yi daidai, ƙarfe na goma sha biyu zai faɗo a kan milimita 325, rabin tsirkiya cif. A nan ne amfanin kwamfuta ya fi bayyana, domin can kusa da gangar jiki, inda ƙarafan suke matse da juna, kaucewa kaɗan ta isa ta sa kunnen makaɗi ya ji sautin ya karkace.

Shi kuwa gurmi, ban ga zai amfana sosai da wannan hanya ba, tunda ba shi da ƙarafa a wuya, kuma da wuya a sami ƙoƙo biyu masu girma ɗaya, don haka ido da kunne ne suke jagorancin aikinsa.

Idan ka zo buga zanen a takarda, ka tabbatar an buga shi a ainihin girmansa, saboda injin bugawa yakan rage zane don ya shige takarda. Ka zana murabba'i mai milimita 100 a gefe, ka auna shi da rula bayan bugu, kuma ka fara yanka samfurin a kwali kafin ka taɓa katakon da ka saya da tsada.