Sankarar furostet mai ƙaramin haɗari: shin dole ne a yi wa Baba hoton ƙashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 66. An yanko ɗan nama daga furostet ɗinsa (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) an gwada, aka ce sankara ce amma mai ƙaramin haɗari, domin PSA ɗinsa (gwajin jini na furostet) 7 ne, makin Gleason (ma'aunin munin sankarar a naman da aka gwada) kuma 6. Likitan mafitsara ya ce ba sai an yi masa CT (hoton cikin jiki na kwamfuta) ko hoton ƙashi ba, amma yayana ya dage mu haɗa kuɗi a kai shi Abuja a yi duka, don hankalinmu ya kwanta. Wa za mu bi? Daga wani ɗan kasuwa a Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya ba Baba lafiya. Ku bi likitan, domin abin da ya faɗa shi ne matsayar masana. Ana kiran sankarar furostet mai ƙaramin haɗari idan PSA bai kai 10 ba, makin Gleason bai wuce 6 ba, kuma likita bai ji ƙari da yatsa ba ko ya ji shi a ɗan ɓangare na gefe guda. Aikin CT da hoton ƙashi shi ne gano ko cutar ta bazu zuwa ƙasusuwa ko kaluluwa, wanda da wuya ƙwarai ya faru a wannan mataki. Shi ya sa a 2012 ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta sanya waɗannan hotuna, har da wani hoton da ake kira PET, cikin gwaje-gwajen da bai kamata a yi wa irin waɗannan majinyata ba, ƙungiyar likitocin mafitsara ta can kuma ta faɗi haka game da hoton ƙashi a 2013.

Kwanciyar hankalin da yayanka yake nema ma ba lallai ne hoton ya kawo ta ba. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari mai ɗan tururin nukiliya a jijiya, ya zauna jira na sa'o'i kafin na'ura ta ɗauki hoton, sinadarin kuwa yana taruwa ne a duk inda ƙashi yake gyara kansa. Tsohuwar karaya a haƙarƙari ko amosanin gaɓoɓi a gadon baya, waɗanda dattijo mai irin shekarun Baba da wuya ya rasa ɗaya, kan fito a matsayin tabo. Daga nan sai a ce a ƙara wani hoton don a tantance, ga kuɗin mota da masauki, ga fargabar da za ta hana gida barci, a ƙarshe a ce babu komai.

MRI na furostet, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, daban yake. Ba ya amfani da tururi, kuma yana taimaka wa likita ya ga ko akwai wani wuri mafi muni da allurar gwaji ta tsallake. Idan kuna da kuɗin hoto ɗaya kawai, a ganina wannan ne ya cancanci ku tambayi likita a kansa. Sauran kuɗin ku ajiye su don bibiya, wato gwajin PSA kamar kowane wata shida da sake gwajin nama idan lokaci ya yi, domin a nan ne iyalai da yawa suke sakaci. Binciken ProtecT na Birtaniya ya bi maza 1,643, kuma sakamakonsa na 2023 ya nuna kusan 97 cikin 100 ba wannan cutar ta kashe su ba cikin shekara 15, ko an yi musu tiyata, ko an gasa sankarar da tururi, ko sa ido kawai.

Tambaya: Mijina yana kan bibiyar sankarar furostet, amma kwanan nan yana kukan ciwon baya da ƙugu har cikin dare. Mu jira ranar asibiti? Daga wata uwargida a Bukuru.

Amsa: Kada ku jira, Hajiya. Ciwon ƙashi da ba ya lafawa, ko PSA da ke hawa da sauri, yana canza lissafin gaba ɗaya, kuma a nan hoto ya zama dole. Ku koma wurin likitansa a wannan makon, idan kuwa ƙafafunsa suka fara rasa ƙarfi ko fitsari ya tsaya, ku nufi sashen gaggawa na asibitin koyarwa da ke Lamingo nan take.