Tambayoyin Masu Karatu: Me zan saka a aljihu kafin in fita?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne da ke zaune a cikin birnin Zariya kusa da Ƙofar Doka, kuma wata uku ke nan da na sami aiki a Samaru. Nakan fita da ƙarfe bakwai na safe, ba na komawa gida sai bayan Magariba. Ban da waya da makulli da katin shaida, waɗanda dole ne, ba na ɗaukar komai, amma da wuya mako ya wuce wata 'yar ƙaramar buƙata ba ta ritsa da ni a hanya ba. Na ga bidiyo a YouTube inda Turawa ke baje kayan aljihunsu, har da wuƙaƙe masu naɗewa da tocila masu tsada. Waɗanne abubuwa ne, cikin waɗanda ba dole ba, suka cancanci mutum ya riƙa fita da su kullum?

Mai karatu daga Ƙofar Doka, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a wannan aiki. Ka fara da ajiye maganar wuƙa a gefe. Wanda ka gani a bidiyo ya shirya aljihunsa ne don ƙasarsa da dokokinta, kai kuwa idan jami'an tsaro suka tsayar da keken da kake ciki da dare suka sami wuƙa a jikinka, bayanin da za ka yi ya fi ƙarfin amfanin da za ta yi maka a shekara guda.

Ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne. Hanyarka daga Ƙofar Doka, ta Tudun Wada da PZ da Kwangila har Samaru, cike take da masu tireda, saboda haka duk abin da za ka iya saye da 'yan kuɗi kaɗan a bakin titi, kamar ruwan leda ko ashana, bai kamata ya nauyaya maka aljihu ba. Abin da ya cancanci ɗauka shi ne wanda ba ya aruwa, ko dai saboda aronsa na da haɗari ga lafiya, ko saboda kunya za ta hana ka roƙo, ko kuma saboda buƙatarsa na zuwa ne a lokacin da kowa ke ta kansa. A irin waɗannan wurare ne maganar magabata ta guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni take fitowa fili.

Na farko a wurina shi ne canji, kuma ina nufin ƙananan takardu na naira 50 da 100 da 200, a naɗe a aljihun da ba na walat ba. Mutane da yawa sun saki jiki da tura kuɗi ta waya, alhali duk wanda ya ga farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, ya san yadda mai kuɗi a banki yake komawa abin tausayi a gaban mai kayan miya. Ko a yau, idan sabis ya ɗauke, ɗan acaɓa ba zai tsaya yana jiran saƙon banki ba, kuma idan ka miƙa wa mai keke dubu ɗaya da sassafe, amsar da za ka ji ita ce yanzu ya fito. Ka ware abin da zai mai da kai gida daga Samaru, ka ɗauka cewa ba naka ba ne, kada ka taɓa shi don tsire ko katin waya.

Na biyu, wanda matasa suka fi raina wa, shi ne biro da 'yar takarda mai ɗauke da lambobin waya uku ko huɗu na mutanen gidanku. Wani dare a cikin watan Agusta ruwa ya tsare ni a ƙarƙashin gadar Kwangila tare da mutane da dama. Kusa da ni akwai wani saurayi da rigarsa ta jiƙe sharkaf, wayarsa ta sha ruwa ta ƙi kunnuwa, kuma kuɗinsa duka suna cikinta. Na miƙa masa tawa don ya kira gida, ya riƙe ta yana kallon madannai, ya danna lambobi biyar ya tsaya, ya goge, ya sake dannawa, daga ƙarshe ya dawo mini da ita yana murmushin jin kunya, domin ko lambar mahaifiyarsa bai haddace ba. Takardar da ba ta kai tafin hannu ba da ta raba shi da wannan tsayuwa. Biro kuwa, duk wanda ya taɓa cika fom a banki ko a asibiti ya san yadda ake bin mai biro da ido.

Batun caji yana buƙatar ɗan bayani, domin a nan ne aka fi cutar masu saye. Idan ka ga an rubuta 10,000 a jikin fawa-bank (na'urar ajiye caji don waya) a matsayin yawan cajin da yake ɗauka, kada ka ɗauka zai cika wayar da batirinta ke da 5,000 har sau biyu. Batirin da ke cikinsa yana aiki ne a kan bolt 3.7 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wutar lantarki), sai an ɗaga wutar zuwa bolt 5 kafin ta bi igiya ta shiga waya, kuma tsakanin wannan juyi da zafin da ke fita, kusan kashi ɗaya cikin uku na lambar da aka rubuta ba ya isa wayarka. Abin da za ka samu shi ne cikawa ɗaya da ɗan ƙari, wanda ya wadatar da mai komawa gida kowace yamma. Masu lamba 20,000 zuwa sama na matafiya ne, nauyinsu kan sa a gaji a bar su a gida, abin da aka bari a gida kuwa bai yi aikin komai ba. Kada ka ajiye shi a rana ko cikin mota a rufe, kuma ranar da ka ga ya kumbura, ka rabu da shi. In ma ba ka da halin saye yanzu, to ka riƙa ɗaukar igiyar cajinka, domin soket da kan caja suna samuwa a ofis ko shago, amma igiyar da ta dace da bakin wayarka ita ce takan yi wuya.

Akwai kuma abin yanke farce. Wannan shi ne misalin abin da aronsa ke da haɗari, domin ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma jinin da ido ba ya gani ma ya isa. Ba ina hana ka zama gaban mai yankan farce ba ne, sana'arsa ce, amma ka miƙa masa kayan aikinka. Ƙaramin da ake ratayawa a jikin makulli ya wadatar, kuma zai yanke maka zare ko bakin leda, wato mafi yawan abin da kake tsammanin wuƙa za ta yi.

Fil guda biyu, irin mai kulle kansa, ka maƙala su a cikin walat. Ranar da ƙarfen keke ya kama maka aljihun riga, ko mazagin wando ya zurare ciki ana shirin shiga sahu, za ka tuna da wannan shafi.

Sauran kayan suna bin yanayi ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe dutsen Kufena, hankici da takunkumi da ɗan man kaɗanya a ƙaramin gwangwani sun isa, saboda ƙura da tsagewar leɓe. Da damina kuma, ni na fi ba leda mai kauri muhimmanci a kan laima, domin laima ba ta da amfani a bayan babur, leda kuwa za ta tsare waya da takardu, jiki kuma ya bushe daga baya. Tocila ba na cewa dole, tun da wayoyi na da ita, sai dai idan lungunku na da kwata kuma kana son adana caji. Asuwaki da carbi ban sa su a lissafi ba, na san tarbiyyar birni ta riga ni.

TAMBAYA

Malam, ni matsalata akasin ta mutane ce. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Sabon Gari, kuma jakata ta cika da tarkace har kafaɗata na ciwo, amma duk abin da na ɗauko sai in ga kamar zan buƙace shi. Yaya zan rage?

Malama daga Sabon Gari, Zariya

AMSA

Malama, ki zazzage jakar a kan tabarma ranar Asabar, ki raba kayan kashi biyu: waɗanda kika taɓa a cikin makonni biyun da suka wuce, da waɗanda ba ki taɓa ba. Kashi na biyu su zauna a gida, in ban da audugar mata da filasta da maganin da likita ya ɗora ki a kai, domin su ba a auna su da yawan amfani. Abin da aikin aji kaɗai ke buƙata, kamar jan biro da alli da almakashi, ki nema masa gurbi a makaranta maimakon ki riƙa kai shi kina dawo da shi. Turare da man shafawa ki ɗura kaɗan a ƙananan kwalabe. Idan kina ɗaukar farasitamol, ki bar shi a cikin takardarsa don ki riƙa ganin ranar lalacewarsa, kuma babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a cikin awa 24. Bayan haka ki koma jaka mai faɗin maɗauri, ki riƙa sauya kafaɗa, idan kuma ciwon bai lafa ba bayan makonni biyu da rage kayan, ki je asibiti a duba ki.