Kalmar "poach" a ɗakin girki da kuma a dajin Ingila

Ƙanena, ka tambaye ni yadda aka yi kalmar "poach" ta fito a jerin darussan kwalejin koyon girki da kake neman shiga a nan Ingila, alhali kai a labaran masu kashe giwaye don haurensu ka san ta. Duka ma'anonin biyu suna aiki har yau, kuma duk za su shafe ka.

Ta girki ce ta riga shiga Turanci, daga tsohon Faransanci, inda "poche" ke nufin jaka ko aljihu. Ana fasa ƙwai ne cikin ruwan da ya ɗauki zafi amma bai tafasa ba, a ɗiga ruwan khal kaɗan, a bar shi kamar minti 3, sai farin ya daskare ya lulluɓe gwaiduwar tamkar an jefa ta a aljihu. Haka ake dafa kifi da kaza ma, kuma abin da malami zai sa wa ido shi ne yadda kake sarrafa wuta, domin da zarar ruwan ya tafasa, ƙwan ya tarwatse ke nan.

Ma'anar farautar sata ta bayyana ne a ƙarni na 17, kuma masana harshe sun rabu a kanta: wasu na danganta ta da jakar da ɓarawon nama ke ɓoye abin da ya kamo, wasu kuma da wata kalmar Faransanci mai nufin soka ko cusawa. Laifin kansa ya girmi sunan. Bayan William na Normandi ya ci Ingila a 1066, ya keɓe dazuzzuka domin farautar sarki, ciki har da New Forest, sai barewa ta haramta ga talaka. A 1723 majalisa ta kai ga yanke hukuncin kisa ga wanda aka kama a daji da makami ya shafe fuskarsa da baƙi, dokar da ta yi shekara 100 kafin a sassauta ta.

Wannan tarihin ne ya sa nake jan kunnenka. A nan kusan kowane daji da kogi yana da mai shi, kuma dokar hana farautar sata da dare ta 1828 tana nan daram. Ko ƙugiya za ka jefa a kogi, sai ka sayi lasisi daga hukumar kula da muhalli, ka kuma nemi izinin mai haƙƙin kamun kifi a wurin; tarar rashin lasisin kaɗai tana iya kaiwa fam 2,500.