Na rubuta wasan kwaikwayo amma ina tsoron a sace: in biya kuɗin rajista ko in jira tallafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Ƙofar Sauri a cikin birnin Katsina. Muna da 'yar ƙungiyar dirama, mu 9, maza 6 mata 3, yawancinmu mun gama NCE muna zaune. Na rubuta wasa mai kashi 3 a kan wata yarinya da karatunta ya tsaya bayan 'yan bindiga sun koro iyayenta daga ƙauye. Shekara guda ke nan da gamawa, amma ko 'yan ƙungiyar ban ba su shi duka ba, don ina tsoron a sace labarin a kai Kano a yi fim. Yanzu wani ya ce in ba shi N60,000 ya yi mini rajistar wasan a Abuja, ya kuma haɗa mu da wata ƙungiyar Turawa mai raba tallafi. Mun kai takardar neman taimako wata ma'aikata tun bara, shiru kake ji. Yara sun fara watsewa. Malam, in sayar da wayata in biya, ko mu ci gaba da jira?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayar da wayar, kada ka ba mutumin nan ko sisi, kuma jiran ma ya isa haka.

Bari mu sallami mai rajista tukuna, don nasa mai sauƙi ne. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, wasanka ya zama naka tun ranar da ka rubuta shi, a takarda ne ko a waya. Ba sai wani ya buga masa hatimi ba. Haƙƙin yana nan muddin kana raye, da ƙarin shekara 70 ga magadanka bayan rai ya yi halinsa. Gaskiya ne hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, tana yin rajista ta intanet, amma ta ganin dama ce, amfaninta shaida in an je kotu, kuma da wayar nan da kake shirin sayarwa za ka iya cike fom ɗin da kanka. Sannan ka sani doka rubutu take tsarewa, ba ta tsare tunani. Labarin yarinyar da rikici ya raba da makaranta ba mallakin kowa ba ne. Ko gobe wani ya yi fim a kan irinsa ba ka da ƙara, ko rajista goma ka yi. Naka su ne kalmominka, da tsarin fitowa-fitowarka, da mutanen da ka ƙera. Batun Turawa kuwa, masu ba da tallafi na gaskiya a fili suke sanarwa, ba sa sayar da hanya ta hannun dillali, kuma abin da za su fara tambaya shi ne: ina abin da kuka taɓa yi? Ina hoto, ina bidiyo, mutum nawa suka kalla?

Me za ka nuna musu? A nan damuwata take, kuma ta fi N60,000 ɗin nan girma.

Wannan ciwo na ɓoye rubutu ya kashe wasanni a jihar nan fiye da yadda rashin kuɗi ya kashe. Kusan duk matashin da ya zo wurina da shi yake zuwa. Zai zauna a kan tabarma, fayil a ƙirji ya rungume, ya ce yana neman shawara. In na ce miƙo in gani, sai ya ce ai sai dai ya ba ni labarin a baki, a taƙaice, kuma ba zai faɗi ƙarshen ba. To shawarar me zan ba ka? Abin haushin ma, wanda ya hana abokan wasansa karantawa shi ne zai ɗauki rubutun sukutum ya danƙa wa baƙon da ya gani da jaka da katin wuya, har ya haɗa masa da kuɗin mota. Ka duba lamarinka da kyau: mutum 8 da ka sani tun kuna yara ka hana su, wanda ba ka san gidansu ba kake shirin ba shi.

Abin da ke cikin fayil ɗinka bai zama wasa ba tukuna. Ba raini ba ne, haka sana'ar take ga kowa. Mai ƙagaggen labari yana iya gamawa shi kaɗai a ɗaki, don mai karatu da ido zai karanta, in bai gane ba ya koma baya. Kai naka baki ne zai faɗe shi, kunne ya ji sau ɗaya, ya wuce ke nan. Miya ba a sanin gishirinta sai an ɗanɗana, kuma mai girkin da ya kwana a kanta ba shi ne zai gane ba.

Na zauna a karatun wani wasa a ajin wata firamare bayan La'asar, an jera bencina, yaran unguwa sun maƙale a taga. Marubucin ya sa yarinya ta ce wa ubanta: “Mahaifina, ina mai matuƙar baƙin cikin sanar da kai cewa ba zan iya amincewa da wannan hukunci ba.” 'Yar wasan ta karanta, numfashi ya yanke mata a tsakiya, ta sake, ajin ya fashe da dariya, alhali wurin kuka ne. Aka ce mata ajiye takardar, ke in ke ce me za ki ce? Ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafinta, ta ce: “Baba, ni dai ba ni zuwa.” Ajin ya yi tsit. Marubucin ya yi watanni yana kallon layin nan a takarda yana jin daɗinsa, da zai ƙara wasu watannin ma ba zai ga aibinsa ba. Irin wannan layi akwai shi a wasanka, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Akwai fitowar da ka fi so wadda 'yan kallo za su yi ta hamma a kanta, akwai ɗan ƙaramin mutum da ka saka don cike gurbi wanda shi ne zai tafi da zukatansu.

Kuma ko ta fuskar satar da kake tsoro, ɓoyewa ɓarawo take taimaka. Wasan da ba wanda ya san da shi, in an ɗauke, wa zai tsaya maka? Amma wanda mutanen Ƙofar Sauri suka kalla da idonsu, fosta ɗauke da sunanka, bidiyonsa na kan Facebook da kwanan wata, malamai biyu ko uku sun karanta shi, wannan ɗaukarsa sai mai ƙarar kwana. Kafin ka raba kwafi, tura wa kanka ta imel, ka rubuta sunanka da shekara a kowane shafi, ka adana tsofaffin littattafan da ka yi rubutun farko a ciki da duk goge-gogensu. Ba a biyan ko kwabo a kan wannan.

Ni ban ma san inda muka samo ɗabi'ar nan ba, don ba gadonmu ba ce. Yaran da ke tashe in azumi ya kai kwana 10, wa ya ba su tallafi? Gida-gida suke bi, abin da ya ba da dariya a ƙofar farko su riƙe, wanda bai karɓu ba su yar kafin su kai ƙofa ta biyar. Gyaran wasa ke nan a gaban jama'a. Su Kasimu Yero, da Samanja, da namu na gida Umaru Ɗanjuma Kasagi, yawan tsayawa gaban mutane ne ya goge su. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da aka fara koyar da dirama a tsakiyar shekarun 1970 ƙarƙashin Michael Etherton, ɗakin wasan da suka gina na ƙasa ne, irin ginin gargajiya. Kafin shekarun su ƙare malamai da ɗalibai sun fita ƙauyuka, har da Maska ta ƙasar Funtuwa, wadda yanzu take cikin jiharmu. Sai su zauna da manoma su saurara, su haɗa ƙashin bayan wasa, su yi shi a dandali, mutanen gari su ce a'a ba haka ake yi ba, su koma su gyara. 'Yan jami'a ba su ji kunyar manomi ya gyara musu wasa ba, sai kai.

Naka ma ya fi buƙatar haka, saboda abin da ka taɓo. Mutanen da aka koro daga ƙauyukan Batsari, Jibiya da Safana suna nan cikin birni, wasu a kangaye, wasu raɓe a gidajen 'yan uwa. Kai ɗan birni ne. Ka san abin da mace take fara ɗauka in an ce a gudu? Ka san yadda magidancin da ya saba cika rumbu yake ji in ya tsaya layin karɓar awo? Je ka gaishe su da mutunci, ka nemi biyu ko uku su zo su saurara, ka ba su kuɗin Keke. In sun ce wani wuri ƙarya ne, cire shi ko da shi ka fi so. Kada ka sa sunan ƙauye na gaske ko na wani mutum da ake iya ganewa. Akwai waɗanda danginsu ke can har yanzu.

Ga yadda za ku yi. Makon nan ka buga kwafi, ku zauna ku 9 ku karanta daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Kai kada ka ɗauki rawar kowa, ka zauna gefe da biro, duk inda harshe ya sarƙe ko hankali ya tafi ka sa alama. In an gama kada ka tambaya ko ya yi kyau, kowa zai ce ya yi. Tambaye su me yarinyar take so, a ina suka ɓace, wa suka tsana. Kuma ka yi shiru, ban da kare kai. Ranar wasa ba za ka bi 'yan kallo ɗaya-ɗaya kana yi musu bayani ba. Ka gyara, ku tayar da kashi na farko kawai a kan ƙafa, ku nuna wa mutum 30, ka sake gyarawa. In mutanen wasan sun fi 9, rage su ko ɗan wasa ɗaya ya ɗauki biyu. Ku yi tsakanin La'asar da Magariba, kun huta da janareta da fitila, iyayen 'yan matan nan 3 kuma hankalinsu ya kwanta. Ku gayyace su rihazal ma tun da wuri, ku kuma sanar da mai unguwa kafin ya ji a bakin wani. A Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya akwai malaman Hausa da wasan kwaikwayo ne fanninsu; sallama da ladabi sun isa su sa ɗaya ya duba maka.

Takardarku ta ma'aikata kuwa, Allah ya jiƙanta. Ni ma na taɓa bin irinta a wani ofis har takalmi ya san hanya: yau oga ya yi tafiya, gobe fayil yana sama, jibi ba a saki kuɗin wannan rubu'in shekara ba. Ranar da za a tarbi baƙi kuma sai a aiko da mota cikin gaggawa ana neman 'yan rawa. In za ku koma, kada ku nemi kuɗi. Ku nemi aron zaure na yini biyu da kujeru, da ranar da kuke so a rubuce. Wannan mutum ɗaya yana iya sa hannu a kai ba tare da an kafa kwamiti ba. Haka masu hali na unguwa: wanda ba zai ba ka dubu ɗari ba zai iya ba ka rumfa da lasifika.

Mu manya ma da laifinmu. Yaro ya zo da rubutu, sai mu mai da shi ɗan riƙon jaka, ko mu ce ya bari mu sa sunanmu a gaba don wasan ya samu shiga. Wallahi wannan cin amana ne, kuma shi ya haifar da rabin tsoron da ke cikin tambayarka. Wanda Allah ya ba ɗaki ya ba su wurin rihazal, wanda ya ba ilimi ya zauna ya saurara, a bar musu sunansu a kan abinsu. Za a tambaye mu.

Kafin ku sayar da tikiti ko ɗaya, ku rubuta yarjejeniya ta shafi guda ku sa hannu duka: wane ne marubuci, wane ne darakta, yaya za a raba kuɗin ƙofa bayan an cire abin da aka kashe. Ƙungiyoyi da yawa ranar da kuɗi suka fara shigowa suka mutu. In kuma wani furodusa ya gani ya ce yana so, doka ta ce sayar da haƙƙi sai a rubuce, saboda haka kada ka sa hannu a takardar da ba ka kai wa lauya ko wani babba ya karanta ba, kuma ka bambance ba da izinin yin fim ɗaya da sayarwa ɗungurungum. Bayan kun yi karatun farko, ka aiko mini da kashi na ɗaya tare da alamomin da ka yi da biro, zan duba.